Ƙofa, Dako da Camfi: Tambayoyi da Amsoshi Kan Dangin *Port* a Turanci

Na daɗe ina koyar da Turanci ga masu shirin WAEC da JAMB, kuma duk shekara idan muka iso kan kalmomin da ke ɗauke da *port*, tambayoyin da aka yi bara su ne ke dawowa bana. Ga su nan na tattara, daga masu sauƙi zuwa masu ɗan zurfi. Wasu amsoshin ba za su fito a jarrabawa ba, na saka su ne don daɗin sani.

Me ya sa kalmomin Turanci masu *port* suka yi yawa haka?

Saboda kalmomin Latin guda uku ne suka zubo wa Turanci 'ya'yansu. *Porta* ita ce ƙofar gari, *portus* ita ce tashar jiragen ruwa, *portare* kuma aikatau ne mai nufin ɗauka ko yin dako. *Portus* ta shiga tun tsohon Turanci. Yawancin sauran sun biyo Faransanci ne bayan shekarar 1066, lokacin da Normawa suka ci Ingila, harshensu ya zama na fada da kotu har tsawon kusan shekara 300. Daga baya kuma malaman ƙarni na 15 da na 16 suka riƙa ɗebo wasu kai tsaye daga littattafan Latin.

Idan ka ci karo da kalma mai *port*, fara tambayar kanka: ƙofa ce, tasha ce, ko dako? Galibi ɗaya daga cikin ukun zai buɗe maka ma'anar. Akwai 'yan kutse da suka yi kama da dangin, za ka same su a amsar da ke kan *portend*.

Su waɗannan ukun, asalinsu ɗaya ne?

Ɗaya ne. Masana tarihin harsuna sun mayar da su ga wata tsohuwar saiwa, *per-*, mai ma'anar ƙetarewa ko wucewa. Ƙofa wurin wucewa ce, tasha mashiga ce daga teku, dako kuma ƙetarar da kaya ne. Turanci yana da nasa 'ya'yan wannan saiwa da bai aro daga Latin ba, sai dai da *f* suke farawa: *ford* wato mashigin rafi inda ake ƙetarewa da ƙafa, *ferry* jirgin fito, *fare* kuɗin mota, wanda asalinsa tafiya yake nufi. Sauyin *p* zuwa *f* ƙa'ida ce a harsunan dangin Jamusanci, shi ya sa Latin ke cewa *pater* da *piscis*, Turanci ke cewa *father* da *fish*. Sunan birnin Oxford ma bai wuce mashigin shanu ba.

Rumawa, masu harshen Latin, suna da nasu bayanin. Sun ce idan za a kafa gari, da garma ake zana inda ganuwa za ta bi, kuma layin da garmar ta tsaga mai tsarki ne, ba a tsallake shi. Idan aka zo inda za a yi ƙofa sai a ɗaga garmar a ɗauke ta, wai shi ya sa aka kira wurin *porta*, daga *portare*. Al'adar ɗaga garmar gaskiya ce, marubutansu sun ambace ta. Amma *porta* ba 'yar *portare* ba ce, 'yan uwan juna ne da suka fito ciki ɗaya.

Yaya zan gane ma'anar *import*, *export*, *report* da ire-irensu ba tare da haddace su ba?

Ka raba kalmar biyu, ka fassara ɗafin da ke gaba. *Im-* ciki ne, don haka *import* shigo da kaya. *Ex-* waje ne, *export* fitar da kaya. *Trans-* ƙetare ne, *transport* sufuri. *De-* kawarwa ne, *deport* tisa ƙeyar mutum zuwa ƙasarsu. *Sub-* ƙarƙashi ne, *support* ɗauka daga ƙasa, abin da Bahaushe zai ce tallafa, kamar yadda ake tallafe wa mai ɗauke da tulu. *Re-* komawa ne, *report* kuwa ɗauko labari a dawo da shi wurin wanda ya aike ka. Ita ce muka mayar rahoto.

Guda biyu suna ɓoye kansu. *Important* 'yar *import* ce: abin da ya shigo ɗauke da wani abu, wato magana mai nauyi. *Sport* kuma gutsuren *disport* ce, daga tsohon Faransanci *desporter*, ɗauke kai daga aiki don a sha iska. Ɗan ƙwallon da ke karɓar miliyoyi a mako yana yin sana'ar da sunanta ke nufin barin aiki.

A lura da *transportation* a littattafan tarihin Birtaniya. Can tana nufin hukuncin kai masu laifi wata ƙasa mai nisa, kamar yadda aka riƙa jigilar fursunoni zuwa Ostireliya daga 1788 zuwa 1868.

*Porter* mai gadi ne ko ɗan dako?

Duka biyun, domin kalmomi biyu ne da suka haɗu a rubutu ɗaya. Ta farko daga *porta* take, mai tsaron ƙofa. Shi ne wanda ke zaune a bakin ɗakunan kwanan ɗalibai a jami'o'inmu, yana riƙe da makullai da littafin baƙi, kamar yadda ake yi a kwalejojin Oxford da Cambridge inda aka kwaso tsarin. Ta biyu daga *portare* take, ɗan dako na tasha ko na otal, da mai tura gadon majiyyaci a asibiti. Jimlar ce za ta gaya maka wanne ake nufi.

Mai tsaron ƙofa yana da wasu sunaye biyu da aikinsu ya sauya. *Janitor*, wanda a Amurka yanzu mai shara da gyare-gyaren gini ne, daga *ianua* yake, ƙofar gida. Gunkin ƙofofi na Rumawa, Janus, mai fuska biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, shi ya bai wa watan Janairu suna. *Usher*, mai nuna wa baƙi wurin zama a biki, daga *ostium* yake, ita ma ƙofa ce.

Ita kanta *port* ma'anoninta nawa ne?

Manya biyar. Akwai tashar jiragen ruwa. Akwai kafa ko mashiga, daga *porta*, irin ramin da kake cusa wayar caji ko filashi a jikin kwamfuta, da tagar nan mai zagaye ta jirgin ruwa da ake kira *porthole*. Akwai ɗauka, wadda ta rage a umarnin faretin soja *port arms*, kuma ita ce ta dawo bakin jama'a a 2013, lokacin da aka fara ba mutum damar ƙaura da lambar wayarsa daga wani kamfani zuwa wani a Najeriya. Akwai wata giya ta ƙasar Fotugal da ta ɗauki sunan birnin Porto. Sai kuma ɓangaren hagu na jirgin ruwa.

Ta ƙarshen tana da labari. Jiragen dā da wani babban filafili ake juya su, wanda ke ɗaure a gefen dama na baya, don haka aka kira gefen *starboard*, wato gefen tuƙi. Saboda kada filafilin ya karye, da gefen hagu ake jingina jirgi a tasha, ana kiran gefen *larboard*. Cikin iska da hayaniyar ruwa, ihun *starboard* da na *larboard* kusan ɗaya suke a kunne, kuskure kuma na iya kifar da jirgi. A 1844 rundunar ruwan Birtaniya ta ba da umarnin a riƙa cewa *port*, ta Amurka ta bi sahu a 1846. A harkar jirgin sama ma ana amfani da kalmar har yau.

Wai da gaske *opportunity* daga tashar jirgin ruwa take?

Da gaske. *Ob portum* na nufin fuskantar tasha. A zamanin jirage masu tafiya da iska, jirgi na iya kwana da kwanaki yana hangen gari bai iya shiga ba, sai iskar da ta dace ta taso ta tura shi ciki. Wannan iskar ita ce *opportunus*. Kishiyarta *importunus* ce, mara mashiga, mai takurawa, daga nan aka sami *importune*, wato naci da roƙo har a gundure mutum. Rumawa har gunkin tasha da makullai gare su, Portunus, ana yi masa biki ranar 17 ga Agusta.

Akwai 'yan wannan dangi da suka shigo Hausa?

Akwai, kuma wasunsu sun saje har ba a gane su. Na ambaci rahoto a amsa ta uku. Fasfo daga *passport* take, ita kuma daga Faransanci *passeport*, takardar izinin wuce tasha. Fatakwal kuwa Port Harcourt ce a bakin Bahaushe. Gwamna Lugga ne ya raɗa wa garin wannan suna a 1913 don girmama Lewis Harcourt, sakataren harkokin mulkin mallaka na lokacin, an kuma gina tashar ne don fitar da kwal ɗin da aka gano a yankin Inugu. Porto-Novo ta Jamhuriyar Benin sabuwar tasha take nufi da harshen Fotugal, ita Fotugal ɗin ma daga *Portus Cale* sunanta ya fito.

Wadda na fi so ita ce fantimoti. Kakata tana da ɗaya, baƙi, kusurwoyinsa da ƙarfe sun yi tsatsa, makullinsa ɗaure a bakin zanenta. In ta buɗe, ƙamshin turaren wuta da kafur ne ke fara fitowa kafin ka ga atamfofin da ta ninke tun na aurenta. Sai da na girma na gane cewa sunan akwatin nan *portmanteau* ne, daga Faransanci *porter* ɗauka da *manteau* alkyabba, wato maɗaukin tufafi. Da yake akwatin yana buɗewa gida biyu, marubucin Ingila Lewis Carroll ya ari sunan a 1871 ya laƙaba wa kalmomin da aka curo daga biyu, kuma sunan ya zauna: *smog* daga *smoke* da *fog*, *motel* daga *motor* da *hotel*. Ƙanwarsa ita ce *portfolio*, daga Italiyanci, maɗaukin takardu. Jakar takardun minista ce ta zama sunan ma'aikatarsa, shi ya sa wanda ba a ba shi ma'aikata ba ake ce masa *minister without portfolio*.

Mene ne bambancin *portal*, *porch*, *portico* da *portcullis*?

Duka 'ya'yan *porta* ne. *Portal* babbar ƙofa ce mai ado, irin ta fada ko majami'a, kuma saboda ta ita ake shiga ko'ina, aka ba shafin intanet da ɗalibi ke shiga don yin rajista da duba sakamako wannan suna. Masu karatun likita za su haɗu da ita a *portal vein*, jijiyar da ke kai jini daga hanji zuwa ƙofar hanta. *Porch* da *portico* kalma ɗaya ce, *porticus*, ta farko ta biyo Faransanci ta zama 'yar rumfar bakin ƙofa, ta biyu ta biyo Italiyanci ta riƙe ginshiƙanta. Kada ka fassara *porch* da zaure, domin zaure ɗaki ne mai bango huɗu, ita kuwa a buɗe take.

*Portcullis* ƙyaure ne na ƙarfe ko katako mai kama da raga, ƙasansa da tsini, wanda ake sakowa daga sama ya toshe ƙofar ganuwa idan mahara sun taso. Sunan daga *porte coleice* yake, ƙofa mai zamewa. Hotonsa ne tambarin majalisar dokokin Birtaniya, shi ne kuma a bayan kwabon Ingila daga 1971 zuwa 2008.

Na ga ana kiran gwamnatin Daular Usmaniyya ta Turkiyya *Sublime Porte*. Me ya haɗa gwamnati da ƙofa?

Fassarar Faransanci ce ta *Bab-ı Ali*, ƙofa maɗaukakiya, wato ƙofar ofishin babban waziri a Istanbul inda jakadun ƙasashe ke zuwa. Da yake a bakin ƙofar ake ganawa da hukuma, sai sunanta ya zama sunan hukumar. Japanawa ma sun kira sarkinsu *mikado*, ƙofa mai daraja. Wannan ba baƙon tunani ba ne a wurinmu: a tsarin sarautar ƙasar Hausa, bafaden da hakimi ko baƙo ke bi ta hannunsa kafin ya isa ga sarki, ƙofa ake ce masa. *Bab* ta Larabci kuwa ita ce babi da muke raba littafi da shi, kowane babi ƙofa ce ta shiga wani zance.

Ga wani abin mamaki. Da Farisanci ƙofa ita ce *dar*, kuma 'yar uwar *door* ta Turanci ce ta jini. Daga ita aka gina *darbar*, zaman fada. Turawa suka tsince ta a Indiya, inda suka yi manyan taruka da wannan suna a Delhi a 1877, 1903 da 1911, sannan suka kawo ta Arewa a matsayin *durbar*. Hawan daba ke nan. Hawan dawakin namu ne tun kafin zuwansu, sunan ne ya yi doguwar tafiya.

To *gate* fa, ita ma daga Latin take?

A'a, gadon tsohon Turanci ce, *geat*, kafa a jikin bango ko shinge. Amma tana da takwara mai ruɗarwa. Mutanen Arewacin Turai da ake kira Vikings sun kama birnin York a 866, suka bar kalmarsu *gata*, mai nufin titi. Saboda haka a York, Coppergate da Micklegate tituna ne, ƙofofin ganuwa kuma *bar* ake ce musu, kamar Bootham Bar da Monk Bar. Baƙon da ya je neman ƙofa a Coppergate zai gaji da yawo. Daga *gata* ɗin ne aka sami *gait*, salon tafiyar mutum.

*Gate* ɗin da 'yan jarida ke liƙa wa kowace badaƙala ba ta nufin ƙofa ko titi. Watergate sunan wasu gine-gine ne a Washington, inda aka kama mutane biyar sun fasa ofishin jam'iyyar Democrat ranar 17 ga Yuni 1972, abin da ya kai ga murabus ɗin Shugaba Nixon ranar 9 ga Agusta 1974. Tun daga nan aka gutsure wutsiyar sunan, aka sami *Irangate* a 1986 da *Dieselgate* a 2015. Ni dai ina ganin an cinye wannan ɗafi har ya salance.

Idan *portare* ce ɗauka, daga ina *carry* da *bear* suka fito?

*Carry* daga *carrus* take, keken doki da Rumawa suka aro, abin da sunansa, daga mutanen Gaul, inda Faransa take a yau. 'Ya'yanta su ne *car*, *cargo*, *carriage*, da *career* wadda asalinta hanyar tseren kekunan doki ce. *Charge* ma tasu ce, ma'anarta ta fari loda wa keke kaya. Ashe in ka sa waya a caji, lodi kake yi mata.

*Bear* ta gida ce, ita ta haifi *birth* da *burden*. 'Yar uwarta a Latin ita ce *ferre*, a Girkanci *pherein*. *Ferre* ce ke cikin *transfer*, *refer*, *offer*, *suffer* da *fertile*, ƙasa mai ɗaukar amfani. Wannan aikatau yana da wata siffa da ba ta kama da shi ko kaɗan, *latus*, don haka *transfer* da *translate* kalma ɗaya ce, ƙetarar da abu. Girkawa suka gina tasu da irin wannan tubali, *metaphor*, ɗauke ma'ana daga wani abu a ɗora wa wani. A Girka ta yau, kalmar nan ce ake rubutawa a jikin motocin kwasar kaya. *Phosphorus* da *Lucifer* su ma tagwaye ne, ɗaya Girkanci ɗaya Latin, duka suna nufin maɗaukin haske, kuma duka sunayen gamzaki ne kafin su sami ma'anonin da aka san su da su yanzu.

*Portend* da *portent* fa? Ba ɗauko labarin abin da zai faru suke nufi ba?

A nan ni kaina na sha ƙasa. Na yi shekaru ina gaya wa ɗalibai cewa *portent* alama ce da ke ɗauko labarin gobe, daga *portare*. Bayanin ya yi kyau, yana shiga kai, babu wanda ya musa. Wata rana wata ɗaliba a layin baya ta ɗaga hannu, ƙamus buɗe a kan cinyarta, ta ce, "Malam, a nan sun raba ta *por* da *tend*." Na karɓi ƙamus ɗin na duba, alli a hannuna, ajin ya yi tsit. Gaskiyarta ce. Na goge allo na sake rubutawa.

Gaɓar kalmar tana bayan *por-* ne, wanda ke nufin gaba, sai *tendere*, miƙawa. *Portend* miƙo abu gaba ne don a gani, kamar yadda hadarin gabas ke miƙo labarin ruwa. Danginta na kusa su ne *extend*, *intend*, *pretend*, *attend* da *tent*, tantin da ake miƙe shi da igiya. *T* ɗin da ya ruɗe ni na *tendere* ne. In an tona can ƙasa, *por-* ma tana komawa ga tsohuwar saiwar da na ambata a amsa ta biyu, amma wannan dangantakar kakannin kakanni ce, ba za ta taimake ka a fassara ba. Haka *portrait* take, *por-* da *trahere*, jawo kamannin mutum zuwa fili. *Portion* ma ba ta cikin dangin dako.

Wajen amfani: *portend* aikatau ne, *portent* suna, kuma galibi abin tsoro suke nunawa. *Portentous* tana da ma'ana biyu, mai nuna wani babban abu na tafe, da kuma mai cika baki da ɗaukar kai da muhimmanci fiye da kima. Marubutan yanzu sun fi nufin ta biyun.

Mene ne bambancin *omen* da *portent*? Kuma *omen* tana da alaƙa da amin?

Ba su da alaƙa. *Amen* daga Ibrananci take, 'yar uwar amin ɗin da muke amsa addu'a da ita, *omen* kuwa Latin ce. *Omen* na iya zama mai kyau ko mara kyau, shi ya sa ake cewa *good omen* da *bad omen*, kuma ƙaramin abu ma ya isa: tuntuɓe a bakin ƙofa, atishawa, kalmar da ta suɓuce daga bakin yaro. *Portent* ta fi girma, irin su husufin rana, tauraruwa mai wutsiya, girgizar ƙasa. Siffar *ominous* kuwa ta karkata gaba ɗaya ga sharri.

*Abominable* 'yar gidan ce: *ab* nesa da, sai *omen*. Abin da in ka gani za ka kau da kai ka nemi tsari. Barume kan ce *absit omen* a inda mu za mu ce Allah ya kiyaye. Turawan tsakiyar zamani sun zaci daga *ab homine* take, wato nesa da ɗan Adam, har suka riƙa cusa mata *h* suna rubuta *abhominable*. Kuskuren rubutun ya gushe, amma ya bar wa kalmar warin rashin imani da dabbanci da take da shi har yau.

Me ya haɗa *auspicious* da *inaugurate* da tsuntsaye?

Hukumar Rum ba ta fara yaƙi, zaɓe ko zaman majalisa sai an duba tsuntsaye. *Avis* tsuntsu, *specere* dubawa, suka ba da *auspicium*. Jami'in da ke fassara alamun shi ne *augur*. Yakan ɗaga sandarsa mai lanƙwasa ya shata wani yanki na sama, ya zauna yana jiran abin da zai gitta ta ciki, daga wane gefe, da irin kukansa. Wannan yankin da aka shata shi ne *templum*, wanda ya ba da *temple* da *contemplate*, zura ido da tunani. Naɗa mutum a muƙami bayan tsuntsaye sun amince shi ne *inaugurare*. Rantsar da shugaban Amurka ranar 20 ga Janairu, ko na Najeriya ranar 29 ga Mayu, da sunan duban tsuntsu ake kiransa. *Under the auspices of* kuma, da ake rubutawa a katin gayyata da nufin ƙarƙashin kulawar wata ƙungiya, asalinta yaƙin da aka yi bisa duban babban kwamanda ne.

Sojojinsu har kaji suke tafiya da su a keji. In aka watsa musu hatsi suka ci da zari, a fita yaƙi, in suka ƙi, a dakata. A shekara ta 249 kafin haihuwar Annabi Isa, kwamandan ruwa Publius Claudius Pulcher yana shirin afka wa jiragen Kartaj, wata daular Arewacin Afirka, a Drepana, gaɓar Sisili, sai kajin suka ƙi ci. Ya fusata ya ce tunda ba za su ci ba, to su sha, ya sa aka watsa su teku. Ya yi asarar jirage 93 a ranar, aka kuma gurfanar da shi da ya koma gida.

Ɗalibin da ya yi karatun hadisi zai ga wani abu da ya sani a nan. Larabawan jahiliyya ma sukan tayar da tsuntsu kafin tafiya su ga ina zai nufa, shi ya sa camfi da Larabci ake ce masa *ɗiyara*, daga *ɗair*, tsuntsu. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kore ta, ya kuma nuna yana son fa'ali, wato kalma mai daɗi. Mu ma ga mujiya nan, kukanta a kan katanga har yau yana hana wasu barci.

Akwai wasu kalmomin yau da kullum da camfi ke ɓoye a cikinsu?

*Monster* ba dodo take nufi ba da farko. *Monstrum* gargaɗi ne, daga *monere*, kuma Rumawa sun ɗauki haihuwar ɗan maraƙi mai kai biyu a matsayin saƙon fushin gumakansu. *Disaster* mugun tauraro ce, daga Italiyanci. *Influenza* ma Italiyanci ce, tasirin taurari, domin a kansu aka ɗora alhakin annobar mura, kuma ta shiga Turanci a 1743.

*Sinister* hagu ce kawai a Latin. Masu duban Rum kudu suke fuskanta, gabas mai albarka tana hagunsu, don haka da farko hagu alheri ce a wurinsu. Girkawa kuwa arewa suke fuskanta, hagunsu yamma ce, mafaɗar rana. Ra'ayin Girkawa ya rinjaya, kalmar ta koma nufin abu mai ƙunshe da mugun nufi.

*Harbinger* da *bode* su ma na duba ne?

Yanzu haka ake amfani da su, amma dukansu 'yan aike ne a asali. *Bode* daga tsohon Turanci *boda* take, manzo mai shela, ita ce a cikin *forebode* da *it bodes well*. *Harbinger* ma'aikaci ne da ake turawa gaba ya nema wa sarki ko runduna masauki kafin su iso, aikin da ya yi kama da na jagaba a ayarin fatake, wanda ke wucewa gaba ya duba hanya da zango. Mutanen gari in sun gan shi sun san runduna na bayansa, da haka ya zama alamar abin da ke tafe.

Tushensa kalmar Jamusanci ce ta dā mai gaɓa biyu, runduna da mafaka. Ita ce kuma ta ba Turanci *harbour*, mafakar jiragen ruwa. Bambancinta da *port* shi ne *harbour* wurin da ruwa ke kwance ne, jirgi ya fake daga iska, ko da babu gini ko ɗaya a bakinsa, *port* kuwa sai da wurin lodi da saukewa, da sito, da jami'an kwastan.